Yadda Ɗan Kwano Ya Koyi Karyewa

Ja'afaru Nuhu ya yi shekaru a sashen ƙididdiga na wata ma'aikata a Kaduna, yana haɗa rahotannin da ba mai karantawa. Shi da kansa ya tabbatar da haka, domin ya taɓa cusa bayanin yadda ake dambun zogale a tsakiyar wani rahoto, rahoton ya hau sama, ya dawo da sa hannu da yabo. Tun daga ranar ya cire rai da aikin gwamnati. Abu ɗaya ne a duniya ya yi da hannunsa mutane suka taɓa suka ji daɗi, shi ne Ɗan Kwano.

Ɗan Kwano wasan kwamfuta ne. Lokacin da ma'aikatarsu ta yi gwanjon tsofaffin kaya, kowa ya yi rububin kujeru da fankoki, shi kuwa ya rungumo wata kwamfuta mai ƙatuwar ƙeya da ba wanda ya kalla. Da ɗan abin da ya koya a jami'a da wanda ya tsinta a littattafai, ya yi ta fama da ita bayan la'asar, har ya fitar da wani ɗan lebura mai jar hula wanda bai fi ɗan yatsa tsawo ba. Aikinsa ya ɗauki kwanon siminti a ka, ya hau bene mai hawa bakwai ta kan tsani da katakai, yana kauce wa bulo mai gangarowa da wani ɗan kwangila mai tumbi da ke jifansa da takalmi. In ƙarfinsa ya ragu sai ya ci ƙosai. In kuwa ya faɗo, ko daga hawa na bakwai ne, sai ya miƙe ya karkaɗe wando, ya ɗauki kwanonsa ya koma. A lokacin Ja'afaru bai ga aibin wannan ba. Mai ƙafa biyu lafiyayyu bai cika zurfafa tunani kan faɗuwa ba.

Kwamfutar tana zaune ne a shagon Maliki, a Unguwar Shanu, dab da inda direbobi ke jiran lodi. Shagon gem ne, talabijin uku da wasannin ƙasashen waje, sai kwamfutar Ja'afaru a kusurwar da fanka ta fi kamawa. Direbobin sun fi son Ɗan Kwano, don shi kaɗai ne a cikin wasannin ya yi kama da wanda suka sani.

Maliki kuwa ɗan Gwaggo Kaltume ne, ƙanwar mahaifin Ja'afaru. Taubasai ne ke nan. Tun suna rarrafe al'ada ta ba kowannensu lasisin ya ci mutuncin ɗan uwansa a bainar jama'a, ta kuma haramta wa wanda aka ci nasa ya ɓata rai. Maliki ya riƙe wannan lasisi da muhimmancin da bai taɓa ba wata takarda ba.

A daminar 1997 iska ta karkatar da eriyar talabijin ta gidan Ja'afaru a Kurmin Mashi. Ran Asabar da hantsi Maliki ya zo, kamar yadda ya saba zuwa duk lokacin da ya yi lissafin an kusa sauke tukunya. Ja'afaru ya jingina tsani a bangon waje, ya ce masa ya riƙe. Ya hau, ya kai bakin rufi, ya miƙa hannu zai kama ƙarfen eriya, sai ga limamin unguwa ya biyo ta layin. Maliki yaro ne mai tarbiyya. Ya saki tsani, ya ba liman hannu biyu, har da rusunawa. Ƙasa kuwa a jiƙe take.

Ba wani tsayi ba ne. Akuya mai zuciya tana dirowa daga wurin ta ci gaba da harkarta. Amma ƙashin cinyar Ja'afaru ya karye, aka nemo maɗori, ƙarti biyu suka danne shi a kan tabarma aka ja ƙafar, ya yi ƙarar da daga baya ya musanta. Ya kwanta har damina ta kusa ɗaukewa. Da aka kwance karare, ƙafar dama ta fito ta gaza ta hagu tsawo, kuma ba ta da niyyar cim mata.

Zafin karaya bai dame shi kamar dubiya ba. Kullum ɗaki cike da 'yan uwa da mutanen ofis, kuma kullum Maliki yana bakin ƙofa kamar shi ne mai masauki.

"Ku shigo, ga bawana nan a shimfiɗe," in ji shi. "Ya hau gyara labarai ne, labarai suka gyara shi."

Sai ya tashi ya kwaikwayi faɗuwar: hannu sama, baki buɗe, ƙafa ɗaya tana neman abin takawa a iska. Ya ƙware har ya san inda zai tsaya a yi dariya.

"Abin mamaki, Ɗan Kwano daga hawa bakwai yake faɗowa ya karkaɗe wando. Ubansa daga kan ɗaki ɗaya, sai da aka yi hayar ƙarti."

"Da ka riƙe tsanin, ɗan mace, da ba a yi hayar kowa ba," in ji Ja'afaru, yana murmushin da ke masa ciwo a muƙamuƙi.

"Liman ne fa. So kake in gaishe shi da hannu ɗaya kamar ɗan sanda?"

Ɗaki ya kwashe da dariya, har da liman, wanda shi ma dubiyar ya zo.

Ran da Gwaggo Kaltume ta zo ita kaɗai, Ja'afaru ya kai ƙara. Ta saurare shi tana ɓare goro.

"Wasa ne, Ja'afaru. Wanda ya yi fushi da taubashinsa, sau biyu ake masa dariya."

"Gwaggo, ƙafata ce fa."

"Ai ba shi ya karya ta ba, ƙaddara ce. Shi tsani kawai ya saki."

Da haka aka rufe shari'a. Fushin ya rasa ƙofar fita, sai ya zauna a cikin Ja'afaru yana tsima. Yana kwance yana kallon silin, abin da ke dawo masa ba fuskar Maliki ba ce, ɗan leburan nan ne mai jar hula da ke karkaɗe wando. Shi ya yi wannan ƙaryar da hannunsa. Shi ya koya wa direbobin Unguwar Shanu cewa mutum yana faɗowa ya miƙe kamar ƙwallo, kuma da ƙaryar tasa aka ɗaure shi ake masa dariya.

Da ya fara takawa da sanda, bai fara da ofis ba. Ya je shagon da sassafe, kafin direbobi su gama shan shayi, ya ce wa Maliki zai ɗan yi gyara. Safiya bayan safiya yana zuwa. Bai taɓa yi wa gwamnati aiki da irin wannan amana ba. Ya yi lissafin nauyin lebura, da nauyin kwano cike da siminti, da tsayin kowane hawa, da taurin ƙasa. Da ya gama, Ɗan Kwano ya zama ɗan Adam.

In ya faɗo daga hawa na farko, targaɗe, tafiyarsa ta ragu. In daga na biyu ne, karaya. Sai maɗori ya fito daga gefen gilashi da ƙarti biyu, a danne shi a ja, kwamfutar ta yi wani tsiririn kuka. Daga nan a shimfiɗe shi a tabarma, 'yan dubiya su shigo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tsuguna a rubuta sannu a kansa ya tashi, kuma babu madannin da ke hanzarta su. In ya warke zai tashi da ɗingishi, ba kuma zai rabu da shi ba har ƙarshen wasa. Ɗingishin ne ya fi cin lokacin Ja'afaru. Ya yi ta kai da kawowa a gaban madubin Safara'u, matarsa, yana duba yadda kafaɗarsa ke faɗawa dama, da yadda ƙafar ke ɗan zagayowa kafin ta sauka, har ya kwafe shi daidai. Daga hawa na uku zuwa sama kuwa, gilashi ya yi baƙi, a rubuta: Allah ya jiƙan Ɗan Kwano.

Wanda ya fara cin karo da sabon tsarin shi ne Ila, wani direba Bazamfare mai bin hanyar Gusau, wanda ya fi kowa iya wasan. Ya saba in ya ga bulo ya nufo shi a hawa na huɗu sai kawai ya diro ƙasa ya sake hawa. Ya diro. Gilashi ya yi baƙi. Ya karanta abin da aka rubuta, ya waiwayo ya dubi Ja'afaru.

"Malam, mi ya sami wanga ɗan taliki?"

"Ya mutu."

"Daga ɗan wanga tsalle?"

"Ka je ka gwada daga hawa huɗu, in ka dawo ka ba mu labari."

Ila ya sake farawa. A wannan karon daga hawa na biyu ya zame. Ya zauna yana kallon 'yan dubiya suna shiga suna fita, yana dukan madannai, ba abin da ya motsa. Kafin na ƙarshensu ya tashi an kira shi lodi ya cika. Ya fita yana ƙunƙuni.

Ba a rufa mako ba kusurwar fanka ta zama wurin ajiye buta. Maliki ya tare Ja'afaru a bakin shago.

"Bawana, zo nan. Me ka yi wa kwamfutar nan?"

"Na cire ƙarya."

"Ƙaryar ce ake zuwa gani. Ka mayar da ita."

"Mutum ba ya faɗowa daga bene ya karkaɗe wando."

"Mutum kuma ba ya cin ƙosai ɗaya ƙarfinsa ya dawo nan take. Me ya sa ba ka cire wannan ba? Ɗan kwangila ba ya jifa da takalmi, hana ka haƙƙinka yake yi. Ka gyara wannan ma mana, a zauna ana kallon lebura yana bin sa ofis ofis. Gaskiyar da ta taɓa ƙafarka ita kaɗai ce gaskiya?"

Wannan ta shiga, kuma don ta shiga ne Ja'afaru ya ƙara hawa.

"In babu abin da mutum zai rasa, hawan me yake yi? Wanda ya san ba zai karye ba ai ba jarumi ba ne, wawa ne da aka ba tsani. Da, duk wanda ya ga wuya sai ya faɗo da gangan, ya mayar da faɗuwa gajeriyar hanya. Yanzu kowane katako sai ka dube shi kafin ka taka. Wannan shi ne wasa."

"Wannan shi ne aiki," in ji Maliki. "Ka dubi Ila. Kullum yana kan hanyar da in ya yi kuskure ɗaya sai dai a kwaso shi a buhu. Ya zo nan ya sami wuri ɗaya a duniya da zai yi kuskure ya tashi ya yi dariya, kai kuma ka bi shi da maɗori. In gaskiya suke so ai ga ta nan a bakin titi, kyauta. Ka taɓa ganin wanda ya shiga gidan gem don a yi masa dubiya?"

"Na ga wanda ya mayar da dubiya gidan gem."

Maliki ya yi dariya, dariya ta gaske, har da dafa bango.

"Kai, har yanzu zancen tsanin nan ne? To ji, ɗan namiji. Nan da Asabar ko ka mayar da shi yadda yake, ko ka zo ka ɗauki akwatinka. Akwai talabijin da nake so in sa a wurin, mai wasan ƙwallo. Su 'yan ƙwallo in sun faɗi tashi suke yi."

Ja'afaru ya san abin da wannan ke nufi. In kwamfutar ta bar shagon, ƙarƙashin gado za ta shiga, kusa da tsofaffin takalma, kuma Ɗan Kwano zai bi sahun rahotannin ƙididdiga. Duk da haka ya ce, "Sai Asabar ɗin," ya juya. Ya so ya juya da sauri, ƙafar ta ƙi.

A gida ya zayyana wa Safara'u komai, yana tafe yana buga sanda a siminti. Ita kuwa tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba sai da ya gama.

"Malam, fushinka da Maliki ne, amma ɗan zane ka karya."

"Ba maganar Maliki ba ce. Maganar gaskiya ce."

"To. Gaskiyar ce ta sa ka cinye min madubi da zirga-zirga?"

"Ke ma kin bi bayansa."

"Ni ban bi bayan kowa ba. Ni ce dai na kwashe fo duk tsawon damina, ban ga wanda ya zana ni a kwamfuta ba. In gaskiya kake so ka sa, ka sa wannan."

Gaskiyar wasu tana da wannan halin, ba ta zuwa a lokacin da ake bukatarta. Ya shiga ɗaki ya zauna, ya ƙudurta cewa ko harafi ɗaya ba zai sauya ba. Bai sake leƙa shagon ba har Asabar.

Ran Asabar bayan azahar ya ɗauki shatar tasi, ya ce wa direban ya jira shi a bakin layi, akwai kayan da za a ɗauko. Tun kafin ya isa ya ji hayaniya. Da ya karyo kwana sai ya ga shagon ya cika ya batse, mutane har kan dakali, wasu suna leƙe ta taga. Talabijin uku suna ta wasa su kaɗai ba mai kallonsu. Kowa ya ba ƙofa baya, ya fuskanci kusurwar fanka.

Ja'afaru ya tsaya. Wani abu mai ɗumi ya taso masa daga ciki, abin da ya daɗe bai ji ba. Ashe dai mutane ba wawaye ba ne. An ba su gaskiya sun yi tsaki, sun tafi, sun kwana da ita, sun dawo. Har ya fara shirya kalmomin da zai gaya wa Maliki, gajeru, marasa gori sosai.

Ya matsa bayan taron, ya leƙa ta tsakanin kafaɗu. Ila ne a kan kujera. Ɗan Kwano yana hawa tsani, ya wuce hawa na farko, ya kai na biyu. Babu bulo a kusa, ɗan kwangila ma yana can sama. Ila ya kai shi bakin katako ya tsayar da shi.

"Ga liman nan tafe," in ji wata murya, muryar Maliki. "Salamu alaikum, Allah gafarta malam."

"Wa alaikumus salam," taron ya amsa baki ɗaya.

Ila ya danna. Ɗan Kwano ya taka iska ya faɗo. Shagon ya ɗauki ihu. Maɗori ya fito da ƙartinsa, aka ja ƙafa, kwamfuta ta yi tsiririn kukanta, ƙarti ashirin na gaske suka taya ta. 'Yan dubiya suka fara shigowa, duk wanda ya tsuguna sai jama'a su ce, "Sannu, Malam Ja'afaru," da muryar jimami, wani har yana share hawaye da hula. Ba wanda ya ƙosa. Ba wanda ya nemi madannin hanzartawa. Da ɗan leburan ya miƙe ya fara tafiya, kafaɗa tana faɗawa dama, ƙafa tana zagayowa kafin ta sauka, wani mutum ya zame daga kan benci don dariya.

"A sake, a sake," in ji na taga.

Babu mai neman kai siminti hawa na bakwai. An daina wannan tun tuni. Wasan yanzu shi ne wa zai fi iya karya shi ba tare da ya kashe shi ba.

Ja'afaru ya ce, "Gafara." Bai ɗaga murya ba, amma na gabansa ya waiwayo, ya gan shi, ya ja da baya. Hanya ta buɗe. Ya bi ta, sanda tana ƙwanƙwasa siminti. A gilashi Ɗan Kwano yana tafiya zuwa tsani, a ƙasa Ja'afaru yana tafiya zuwa kwamfuta, kafaɗunsu biyu suna faɗawa tare. Aikin ya yi kyau ƙwarai, ko shi bai san ya kai haka ba. Wani ya yi tari don ya danne abin da ya taso masa. Wani ya fita da gudu, aka jiyo shi a waje yana shessheƙa.

Ila ya miƙe ya ba shi kujera, fuskarsa cike da girmamawa ta tsakani da Allah.

"Malam, wallahi kai gwani ne. Da hwarko ban gane ba. Ashe wanga ya hi na da daɗi nesa ba kusa ba. Yadda shika jan ƙahwar nan, kamar an ɗauke ka hoto."

"Na gode," in ji Ja'afaru.

Maliki ya zo ya dafa kafaɗarsa, ta daman.

"Bawana, na janye. Kai ke da gaskiya, ni na yi kuskure, ga shaidu. Gaskiya ta fi ƙarya kasuwa. Akwatinka ba inda zai je, talabijin ɗin ma na fasa. Abu ɗaya ya rage. Ka sa mana liman a ciki, da wani kyakkyawan saurayi mai riƙe tsani. Bakina ya gaji da yin muryoyin."

Aka yi dariya, ana satar kallon Ja'afaru a ga ko zai taya. Al'ada ta ce ya taya. Ya ce ɗan mace ba ya abin kirki, ya yi wata baƙar magana mai daɗi, a tashi kowa ya ji daɗi. Ya san kalmomin, suna nan a bakinsa tun yana yaro.

Ya zauna, ya jingine sanda, ya dubi gilashin. Ya yi lissafi, shi da lissafi sana'arsa ce. In ya mayar da tsohon tsari, Ɗan Kwano ya koma karkaɗe wando, Maliki na ranar nan ya ci. In ya bar shi haka, Maliki na yau ya ci. In ya ɗauke kwamfutar, za a ce ya yi fushi da wasa, kuma Maliki zai bi shi gida da Gwaggo Kaltume a gaba, a ba shi haƙuri cikin dariya, kafin wata ya ƙare akwatin ya dawo kusurwarsa. Duk ƙofar da ya duba, Maliki yana tsaye a bakinta da hannu biyu a miƙe.

Ya fita daga wasan. Gilashi ya koma baƙi da ɗan farin rubutu. Ya fara dannawa.

"Ku yi shiru, limamin yake ginawa," in ji Maliki.

Kwamfutar ta tambaye shi da Turanci ko ya tabbata zai goge wasan, ya amsa. Ya zaro faifan ajiya daga cikinta, wanda shi ne kwafi ɗaya tilo, ya lanƙwasa shi a gefen tebur har ya karye ƙaras, ya ajiye gutsattsarin a kan madannai. Sannan ya ɗauki sandarsa.

Ila ya sunkuya ya danna nan, ya danna can. "Malam, ina ya tahi?"

"Babu shi."

"Sai yaushe?"

"Babu shi, na ce."

Maliki ya ɗauki rabin faifan ya juya shi. Murmushin bai bar fuskarsa nan da nan ba, sai da ya ɗan jira ko akwai ƙarashen wasan.

"Kana da wani a gida," in ji shi.

"Ba ni da shi."

"Ja'afaru." Ba a taɓa jin ya kira shi da sunansa ba. "Shekara nawa ka yi kana haɗa abin nan? Ka kashe shi don an yi dariya? Wasa ne fa."

"Na sani. Ni ne ba na yi."

"Ba ka yin me?"

"Wasa da kai. Daga yau ka gan ni ka yi sallama, in amsa, ka wuce."

Wani dattijo a bakin ƙofa ya ce subhanallahi a hankali, kamar an yi saɓo. A wajensu kusan saɓon ne. Mutum yana rabuwa da aboki, yana rabuwa da abokin ciniki, amma ba a taɓa jin wanda ya ajiye taubasantaka kamar aikin gwamnati ba.

"Saboda tsani," in ji Maliki. Muryarsa ta sauya, fushi ya fara shigarta. "Saboda tsani za ka tsaya gaban mutane ka yanke abin da iyayenmu suka ƙulla? Ni na ce ka hau? Duk ranar Allah ina gidanka kana kwance, na bar shagona, wa ya yi maka haka? Kana tsammani daɗin kallonka nake ji? In ban sa ka dariya ba me kake so in yi, in zauna in yi kuka kamar mace?"

Wataƙila akwai amsa a cikin wannan, wataƙila ma akwai abin da Ja'afaru ya yi damina guda yana jira. Amma ya zo a makare, kuma ya zo da tsawa, shi kuwa ya riga ya karya faifai. Mutumin da ya yi asara irin wannan ba ya son a nuna masa cewa akwai hanya mai araha.

"Kwamfutar ka riƙe," ya ce. "Ka ɗora buta a kai."

Ya juya. Tsakaninsa da ƙofa ba nisa, amma kowa ya matsa ya bar masa fili fiye da yadda yake bukata. Ya taka. Kafaɗa ta faɗa dama, ƙafa ta zagayo ta sauka. Ya ji idanunsu a kanta, duka, har na masu leƙe ta taga. Ya jira wani ya yi tari, ko ya kasa daurewa, don ya sami wanda zai juya ya zaga. Babu wanda ya ko motsa. Wasu ma kai suka sunkuyar, irin sunkuyarwar da ake yi in an wuce da mara lafiya, kuma wannan ta fi dariyar ƙona masa rai.

A bakin layi direban tasi ya fito ya buɗe but, ya tsaya yana duban bayansa.

"Alhaji, ina kayan?"

"Rufe ka ja mota," in ji Ja'afaru. "Kuma ni ba Alhaji ba ne."